Kawaicina a Teburin Musayar 'Yan Wasa

Shekaru sun tura, furfura ta cika mini gemu, abubuwa da yawa na zaman Amurka sun kwanta mini, amma akwai wasu kwana huɗu na watan Disamba da na san ko tsufa ya rikita ni ba za su fita daga raina ba. Daga safiyar wata Juma'a ne zuwa yammacin Litinin. Lokacin ina aiki da wata ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasan besbol, ina zaune da iyalina a hawa na tara na wani dogon bene a Alexandria.

Na san mai karatu zai ce me ya haɗa Bazazzage da besbol. Ni ma da farko ban san inda wasan ya dosa ba. Ƙididdiga na karanta, na zo ƙaro ilimi, na gama na samu aiki a wani kamfani da ke yi wa gwamnati kwangila. Shekara uku ina can ina hamma a gaban kwamfuta, sai na ga sanarwar cewa wata ƙungiyar besbol tana neman wanda ya iya tace alƙaluma. Lokacin ne ƙungiyoyi suka fara yarda cewa ido kaɗai ba ya isa a auna ɗan wasa. Da suka kira ni ganawa na faɗa musu gaskiya, ban taɓa kallon wasan daga farko har ƙarshe ba. Suka yi dariya suka ɗauke ni, wai gara wanda bai zo da gwaninsa a zuci ba.

Wasan dai ba wani abu ba ne mai wuyar faɗi. Wani ya jefo ƙwallo da iya ƙarfinsa, wani ya tsaya da kulki yana neman ya make ta, a bayansa kuma ga mai tarewa a tsugune yana cafke duk wadda ta wuce. Mai jifan nan shi ne ƙashin bayan ƙungiya, hannunsa kuma shi ne jarinsa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda suke samun 'yan wasa. A ƙwallon ƙafa da muka saba kuɗi ake zubewa a ɗauko mutum. A nan yawanci musaya ake yi, ka ba da naka a ba ka na wasu, kuma da hunturu ake wannan ciniki, bayan an tashi daga kakar wasa. Filin yana rufe, ciyawa ta bushe, amma a ofis lokacin ne ba a samun sukuni.

Wanda ya koya mini wasan wani dattijo ne baƙar fatar Amurka da ya doshi saba'in. Aikinsa yawo gari-gari yana kallon matasan 'yan wasa, yana zaɓo wa ƙungiya waɗanda za su yi amfani, kuma ya kai shekara arba'in yana wannan yawon. Sauran tsofaffin ma'aikata kallon hadarin kaji suke yi mini, suna ce mini ɗan kwamfuta, amma shi tun makon farko ya jawo ni a jiki. Yakan ɗauke ni a tsohuwar motarsa mu je ƙaramin filin wasa da ke kusa da gidansa a Bowie, mu zauna daidai bayan mai tarewa, ya riƙa nuna mini abin da takarda ba ta nunawa, yadda mai jifa ke dasa ƙafa, da yadda fuskarsa ke komawa in an make masa ƙwallo. Baba nake ce masa. Ranar da ya tambaye ni ma'anar kalmar na faɗa masa, sai ya ce ya karɓa, amma kada in sa ran gado.

A shekarar da nake ba da labari mun ƙare kaka a can ƙasan tebur, inda muka mayar wurin zamanmu a 'yan shekarun. Sai shugabanni suka yanke shawarar a sake gina ƙungiyar daga tushe, a ba da manyan 'yan wasan da shekaru suka fara cim musu, a karɓo matasan da za su nuna nan da shekara uku ko huɗu. Babban abin hannunmu mutum ɗaya ne, wani mai bugu da kulki da 'yan kallo ke ji da shi, wanda rabin filin ke sa riga mai lambarsa. Sau ɗaya za mu ba da shi. In muka karɓo abin banza a madadinsa, shekara biyar za mu yi muna cizon yatsa.

Wata ƙungiya ta zo da tayi mai kyau. Za su ba mu matasa biyu. Na farko mai tarewa ne, kowa ya yarda da shi, babu gardama a kansa. Na biyu mai jifa ne, kuma suka ce mu zaɓa tsakanin mutum biyu. Ɗaya dogo ne ƙaƙƙarfa, in ya saki ƙwallo har huci take yi. Ɗayan gajere ne marar kwarjini, jifansa ba shi da wani ƙarfi, sai dai inda ya nufa nan take zuwa. Baba ya riga ya je ya kalli dogon sau shida tun ana cikin kaka, ya ce duk tsawon aikinsa sau biyu kawai ya taɓa ganin hannu irin wannan.

Ni kuma aka ba ni alƙaluman su biyun in tace. Mako uku na yi a kansu, kuma abin da na gano bai yi mini daɗi ba. A watanni biyun ƙarshe na kaka, da zarar wasa ya yi nisa sai ƙarfin jifan dogon ya ragu. Inda yake sakin ƙwallo ma ya sauko ƙasa kaɗan, yadda ido ba zai kama ba sai an jera bidiyon farkon kaka da na ƙarshe gefe da gefe. Zuwan Baba shida kuwa duk a farkon kaka ne. Na tono bayanan wasu masu jifa na baya da suka yi irin haka, na ga akasarinsu a ɗakin tiyata suka ƙare, don mutum yana kare gwiwar hannunsa ne ba tare da ya sani ba. Na buga komai na sa a fayil. Na so in nuna wa Baba kafin kowa, amma yana can ƙasashen kudu inda ake wasa da hunturu, sai ranar Alhamis ya dawo, taro kuma aka sa shi Juma'a da safe.

Mu goma sha biyu ne a ɗakin. Babban manaja, wanda shi ke da ta cewa a kan musaya, yana zaune a kan tebur da kofin kofi a hannu. Mutum ne mai saurin magana da saurin yanke hukunci, kuma da wuya ya girmi ɗan Baba na fari. Baba ya miƙe ya yi bayanin dogon nan da wani irin farin ciki da ban taɓa gani a fuskarsa ba, har yana kwaikwayon jifan da hannunsa. Da ya zauna, manaja ya juyo wurina.

Ya ce, "Ɓangaren lissafi fa? Akwai abin da ya kamata in sani?"

Fayil ɗin yana kan cinyata. Na ɗago kai, sai na ga Baba yana kallona yana murmushi, irin na uban da ɗansa zai yi karatu a gaban baƙi. Nan take gidanmu ya faɗo mini. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, in yayansa ya yi kuskure a taron dangi ba ya tanka masa. Sai an watse ya bi shi gida su keɓe a zaure. Washegari da bakin yayan za ka ji magana ta canza, kowa ya san abin da ya faru, ba mai cewa uffan. Haka na tashi na gani, haka na ɗauka ake yi a ko'ina. Na ce a raina gobe zan je Bowie, Baba ya gani, ranar Litinin ya gyara da bakinsa. Na sunkuyar da kai na girgiza shi.

Manaja ya ce, "Madalla. Ido ya yarda, lissafi ya yarda. Dogon za mu ɗauka." Ya rubuta a takardarsa aka tashi.

Abin da ke ba ni haushin kaina har yau shi ne da na fito ko ɗar ban ji ba. Daɗi ma nake ji, wai na nuna tarbiyya. Na tafi masallacin Juma'a, bayan an idar na haɗu da wani Alhaji mutumin Nijar, tsohon ɗan jarida da ke aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo. Na rage masa hanya zuwa ofishinsu da ke unguwar Southwest, a mota na ba shi labari ina ɗan yabon kaina.

Ya ce, "Lalle ka yi daidai, ɗana. Babba ba a kwance mishi zane cikin reyinyo, gaban taron jama'a. Ka tai gida nai, ka gaya mishi sannu-sannu."

Na sauke shi ina jin kaina wani ɗan halak. Mai ɗakina ce ta fara sace mini wannan iskar. Ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti, kuma bakinta ba ya ɓoye abin da ke cikinta. Muna cin tuwo bayan magariba na maimaita mata labarin, sai ta ajiye cokali.

Ta ce, "Malam, shekararka nawa a ƙasar nan?"

Na ce, "Takwas. Me ya faru?"

Ta ce, "A asibitinmu in likita zai ba da maganin da bai dace ba, na yi shiru don ya girme ni, mara lafiya ne zai sha wuya, ni kuma a kore ni. Mutanen nan abin da aka faɗa a mitin shi ne magana. Ba su san wani zaure ba."

Raina ya ɓaci, na ce mata ba ta san yadda ake tafiyar da manya ba. Ta ce to, Allah ya ba da sa'a. Duk da haka da safe sai na tarar ta ƙulla wa Baba dambun nama, don ta san yana sonsa.

Da hantsin Asabar na isa Bowie. Na tarar da shi a kan tsani yana rataya fitilun Kirsimeti a bakin rufin gida, cikin sanyin nan mai yanka kunne. Na riƙe masa tsanin har ya gama, muka shiga kicin, matarsa ta zuba mana kofi ta ba mu wuri. Na fara da gaisuwa. Na tambayi hanya, na tambayi jikoki, na tambayi gwiwarsa da ke damunsa, na koma kan jikokin.

Ya ce, "Ba ka yi tuƙin minti arba'in don ka tambayi gwiwata ba. Me ke cikin fayil ɗin?"

Na buɗe na shimfiɗa masa. Ya sa tabarau ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe ƙwarai a kan hotunan da na jera. Ni kuma ina zaune ina jiran ya ce Allah ya yi mini albarka, ko abin da ya yi kama da haka a yarensu. Da ya gama ya cire tabarau ya ajiye.

"Tun yaushe ka san wannan?"

Na ce, "Kwana goma."

"Jiya yana hannunka ke nan?"

Na ce, "Yana kan cinyata, Baba. Ban so in musa maka a gaban yara ba ne. Na ga in ka gani, ranar Litinin sai ka ce ka sake tunani. Ba sai an ji sunana ba."

Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci kamar ranar ba. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

Ya ce, "Jiya da la'asar manaja ya kira mutanen waccan ƙungiyar. Ya ba su kalmarsa, ya sallami sauran masu tayi. Litinin da yamma za a sa hannu. Ya yi haka ne saboda ya tambaye ka a gabana ka girgiza kai."

Ko a mafarki ban kawo cewa za a yi waya a ranar ba.

Ya ci gaba, "Shekara arba'in ina kuskure a gaban mutane, aikin ke nan. Kai ka ɗauka girmama ni ka yi. Ka mayar da ni tsohon da ake lallaɓawa don kada ya fashe. Kuma ba zan ɗaukar maka kayanka ba, don ban sake tunani ba. Na ga yaron nan da idona, har yanzu shi nake so. In ka yarda da takardunka, ka je ka faɗa a ɗakin, ina zaune. Zan yaƙe ka da duk abin da na sani."

Ya miƙo mini fayil ɗin. Dambun dai ya riƙe, ya ce wannan ba ruwansa da rigimarmu.

Na fito na shiga mota, ban yi nisa ba na tsaya a gaban wasu shaguna na kashe motar. Kunya ce ta fara kama ni, sannan haushin Baba, wai na zo masa da mutunci ya watsa mini ƙasa a ido. Da na zauna na ɗan lokaci sai haushin ya dawo kaina, inda ya dace. An ɗauke ni aiki ne don in faɗi abin da alƙaluma suka nuna. An tambaye ni, na ɓoye. Ko wane suna na ba shi, ƙarya na yi da kaina ko da ban yi da bakina ba, kuma a kan wannan ƙaryar za a ba da ɗan wasa mafi daraja da muke da shi. A nan cikin motar na ƙudurta cewa ba za a sa hannu a takardar nan ba sai an ji ni, ko da shi ne aikina na ƙarshe a wurin.

Na kira manaja bai ɗauka ba, na bar masa saƙo. Na ce akwai bayanin da ya kamata in bayar ranar Juma'a ban bayar ba, ina roƙon rabin awa kafin a sa hannu. Ban kai gida ba ya kira. Muryarsa a bushe ya ce, "Litinin, ƙarfe takwas," ya kashe.

Da na faɗa wa mai ɗakina ba ta ce ai na gaya maka ba, kuma na san ta sha wuya kafin ta haɗiye ta. Ranar Lahadi ta zauna a kujerar falo ta harɗe ƙafa ta ce ita ce manaja, in fara. Ina soma bayani ta katse ni.

"Ɗago kanka. Kafet kake yi wa bayani?"

Na ɗago, na sake farawa da cewa wataƙila ni ne ban fahimta ba, Baba ya fi ni sani.

Ta ce, "In ya fi ka sani me ya kawo ka? Cire wannan. Ka ce ga abin da na gani, ga dalili."

Sau biyar ta sa na maimaita. Sauran yinin kuma na koma kan kwamfuta ina bin kowane jifa, ina tambayar kaina ta ina Baba zai ɓullo mini, don na san alkawarin da ya yi zai cika shi.

Litinin da safe na hau jirgin ƙasa da sassafe, na riga kowa isa. Mutanen ranar Juma'a ne suka sake cika ɗakin, Baba yana kujerarsa ya naɗe hannu. Na miƙe tsaye. Na ce ranar Juma'a an tambaye ni na ɓoye abin da na sani, don ina jin nauyin musa wa wanda ya koya mini aiki, laifin nawa ne ni kaɗai. Sannan na kunna bidiyon, na juya na kalli Baba a ido, abin da ban taɓa yi wa mahaifina ba.

Na ce, "Baba, a kan yaron nan ka yi kuskure. Wanda ka gani a farkon kaka ba shi ne ya ƙare kakar ba."

Shi kuwa ya cika alkawari. Ya ce yaron ya fara koyon wani sabon salon jifa a tsakiyar kaka, shi ya sa hannun ya sauko. Na ce na cire duk sabon salon daga lissafina, a tsohon ma hannun ya sauko. Ya ce kowane matashi yana gajiya a ƙarshen kaka. Na nuna masa gajeren da wasu sa'o'insa da ba su yi irin wannan raguwar ba. Ya ce in da ciwo ne, me ya sa yaron bai taɓa fashin wasa ko ɗaya ba? Na tsaya na duba takarduna, na ce wannan ban sani ba. Kusan awa guda muka yi a haka, zufa tana bin bayana cikin hunturu.

Manaja ya sa aka kira likitan ƙungiya ya kalli bidiyon. Likita ya ce ba zai rantse ba, amma in shi ne hankalinsa ba zai kwanta ba. Manaja ya daɗe yana juya kofinsa, sannan ya dube ni.

Ya ce, "Ranar Juma'a wannan maganar kyauta ce. Zaɓi suka ba mu, da sai in ce gajeren, shi ke nan. Yau zan kira mutumin da na ba kalmata in ce na canza, kuma ya san na sallami kowa. Ba zai bar ni haka ba."

Ya shiga ofishinsa ya rufe ƙofa. Na yi sallar azahar a ɗan lungun da na saba, na kasa cin abinci. Wajen ƙarfe uku ya sake tara mu. Ya ce sun yarda su ba mu gajeren, amma sun janye mai tarewa, sai dai su cika mana da wani da kowa ya san ba zai kai ko'ina ba. In kuma muna son mai tarewar, to a bar magana yadda take, da dogon.

Ya ce da ni, "Kai ka tayar da wannan. Dogo da mai tarewa, ko gajere shi kaɗai. Har yanzu kana kan bakanka?"

Na san in na ce a bar ta yadda take, kowa zai yi ajiyar zuciya, ni ma in tsira. In dogon ya lalace, ai na faɗa. In kuwa na tsaya kan gajeren dogon ya zama gwarzo, ba ni da sauran wurin zama a wannan sana'ar. Amma abin da muka fi buƙata shi ne mai jifan da zai yi mana shekaru, kuma na yarda da aikina. Baba yana kallona, wannan karon ba murmushi.

Na ce, "Gajeren."

Da yamma aka sa hannu. A bakin ƙofa Baba ya tsaya yana sa kwat, ya ce mini, "Har yanzu ina ganin ka yi kuskure. Amma yau ka yi aiki." Ya wuce abinsa.

Hunturun nan mun sha zagi. Duk tashar wasanni da ka murɗa masu kira ne ke cewa mun ba da gwarzonmu mun karɓo ɗan tsurut. Da kaka ta kama, dogon ya yi wata uku yana ragargazar kowa, na rame har mai ɗakina ta fara sa mini ido a kan abinci. A tsakiyar bazara hannun ya tafi, aka yi masa tiyata. Ban yi murna ba, don yaro ne da ya sa rayuwarsa duka a wannan hannun, kuma ko da ya dawo bai koma kamar da ba. Gajeren ya yi mana shekara bakwai yana jifa ba fashi, a kansa aka gina ƙungiyar da daga baya ta daina zama abin dariya.

Mai tarewar kuwa ya zama ɗaya daga cikin waɗanda ake ji da su a wasan gaba ɗaya, mu kuma muka yi shekaru muna neman irinsa ba mu samu ba. Wata rana ƙungiyarsu ta zo filinmu, lokacin Baba ya yi ritaya, na gayyato shi muna zaune tare. Da layin bugu ya zo kansa, don mai tarewa ma yana bugu, yaron ya ɗauki kulki ya make ƙwallo ta haye katanga, ya ci mu wasan. Baba bai taɓa ce mini na yi gaskiya a kan dogon ba, ban kuma taɓa nema ba. Ranar ya bi yaron da kallo yana kewaya fili, ya taɓa ni da gwiwar hannu.

Ya ce, "Wannan ma aikinka ne."

Gaskiya ya faɗa. Kwana uku na kawaici ne suka raba mu da yaron nan.

Ban daina girmama manya ba, har gobe ina rusuna wa wanda ya girme ni, kuma haka na tarbiyyantar da 'ya'yana. Abin da na koya shi ne in an ba ka amanar sanin wani abu, ana kuma yanke hukunci a gabanka, to nan ne wurin magana. Ladabi yana cikin yadda za ka faɗe ta, da muryar da za ka faɗa, da sunan da za ka kira mutum da shi. In ka riƙe ta sai an watse, za ka iya faɗinta daga baya, amma sai an biya, kuma yawanci waɗanda ba su ji ba ba su gani ba ne za su taya ka biya.